Ranar da Kekena Ya Riga Ni Yin Ta'aziyya

Ina da taubashi a wani ƙauye gaba da Maiyama, kafin a kai Andarai. Mahaifinsa wan mahaifiyata ne, saboda haka tun muna yara bawansa yake kirana, ni kuma in ce da shi ubangidan da ba ya ciyarwa. A haka muka tsufa. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, sai na mayar da kowace Litinin ranarsa. In na sha kunu da safe sai in hau kekena daga unguwarmu ta Jega Magaji, in miƙe kwalta, ba na tsayawa sai ƙofar gidansa. Ba wani abin kirki nake kai masa ba, wani lokaci goro, wani lokaci 'yar albasa daga gonata ta wajen Aliero. Tsarabata ta gaske tsiya ce. In zauna a bakin tabarmarsa in ce ya bar lalaci ya tashi ya yi noma, shi kuma ya ƙara karkata bakin nan nasa da ciwo ya riga ya karkatar, ya zage ni tas. Sai bayan la'asar in juyo.

Gwiwoyina ne suka fara yi mini tawaye. Da farko sai na sauka na tura keken a wurin hawa, daga baya har inda ba hawa ma sai na sauka. Wata Litinin a hanyar dawowa ƙafafun suka ƙi gaba ɗaya, na zauna a gindin wata bishiyar bedi har wani mai motar kayan gwari ya gane ni, ya loda ni da keken a kan kwandunan tumatir ya kawo ni gida. Na roƙe shi ya sauke ni a bayan layi, ya ƙi, sai da ya kai ni ƙofar gida yana danna oda.

Babban ɗana shi ne ɗan fari, ba na kiran sunansa, kuma tunda ya girma ba mu taɓa doguwar magana ido da ido ba. In yana da saƙo gare ni, ƙanwarsa yake ba wa, ita ta kawo. Washegari ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, Yaya ya ce a gaishe ka, kuma ya ce keke ya huta hakanan. In za ka Maiyama, ya yi magana da wani mai kabu-kabu, shi kai ka shi maido ka."

Na gwada mashin ɗin kabu-kabun. Mutumin ya ɗebe ni da gudu, iska ta cika mini riga, na ƙanƙame shi kamar buhun albasa da ba a ɗaure ba. Muna isa, ko gaisuwa ba mu gama ba ya fara leƙowa zaure yana cewa, "Baba, da saura? Akwai masu jirana." Taubashina ya dube ni ya ce, "To, bawa ya samu wani sabon ubangida." Daga zuwa na biyu ban sake ba. Na zauna a gida ina fushi da kowa, Litinin tana zuwa tana wucewa.

A kasuwar albasa ta Aliero na fara ganin abin. Wani dillali ne ya wuce ni a kan keke, ƙafafunsa a kan feda amma ba sa motsi, kuma ba ƙara ba hayaƙi. Na ɗauka gangara ce, da na duba da kyau sai na ga hawa yake yi. Na bi shi har rumfarsa ina ɗingishi. Ya nuna mini batir a ƙarƙashin sirdi da wani inji kamar faifai a tsakiyar tayar baya, ya ce a Jega ma akwai mai haɗawa, kusa da masu sayar da kayan sola. Ranar ban ko tsaya jin yadda kasuwa ta kaya ba.

Mai haɗawar ashe na san shi, da can facin taya yake yi. Ya nuna mini sababbi guda biyu da ya kawo, masu ƙananan tayoyi da fenti mai walƙiya. Na ce waɗannan na 'yan makaranta ne, ni nawa za a sa wa. Nawa baƙi ne, dogo, mai birkin ƙarfe irin na da, wanda sanduna ke ja. Shekarar da aka yaye ɗan farin nan na saye shi.

Ya zagaya keken, ya girgiza shi, ya ce, "Baba, wanga keke ya girme ni."

Na ce, "Shi ya sa za ka yi mishi ladabi."

Ya yi dariya, sa'an nan ya zaunar da ni a benci ya jera mini abin da zan zaɓa. Akwai batir mai nauyi irin na mota, akwai mara nauyi mai tsada wanda ya fi daɗewa. A nan kaɗai na yi daidai, na ɗauki mara nauyin, shi ma don mai ɗakina ta riga ta ce ba za ta riƙa taya ni ɗaga dutse a tsakar gida ba. Akwai injin tayar gaba, akwai na baya, na bar masa wannan ya sa na baya. Sai maganar yadda za a ba shi wuta. Ya ce akwai wanda sai ka taka feda kaɗan injin ya taimake ka, akwai ɗan maɓallin da ake dannawa da babban yatsa, akwai kuma totur da ake murɗawa kamar na mashin. Ya ce ga mai shekaruna na feda ya fi.

Shekara da shekaru ina yi wa masu mashin dariya, ina cewa ƙafafunsu sun mutu tun suna da rai. Ashe kwaɗayin murɗa abin nan ne ke cina ban sani ba. Na ce totur nake so.

Ya ce to, amma kayan suna zuwa da nasu hannun birki, wanda da ka matsa shi yake yanke wutar inji. Ba za su hau kan birkin sandunana ba, sai an canza hannun keken gaba ɗaya an sa birkin waya. Na ce hannun da na riƙe tun ina da baƙin gemu ba mai cire shi. Ya ce, "Baba, in ka matsa birki inji na ja, awa mutum biyu na kokawa ne, kuma injin ne yaro." Na ce na riƙe shanun huɗa, ba faifan ƙarfe ne zai gagare ni ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce keke nawa ne.

Na fasa rudun albasa ɗaya, cikin rumbunan da nake ajiye ta, na sayar, aka yi aiki. A gida na ce gyara na kai shi, kuma ban yi ƙarya ba ƙwarai.

Ba zan iya kwatanta daɗin hawan farko ba. Na murɗa kaɗan, keken ya ɗauke ni lumui, kamar wani ne ke tura ni ta baya da ladabi. Na zagaya unguwa, na sake zagayawa, na bi ta gaban majalisar tsofaffi ba tare da wani dalili ba, na dawo na sake bi. Labari ya kai wa ɗana kafin in isa gida. Ƙanwarsa ta zo da saƙo, tana danne dariya: "Yaya ya ce Allah shi sanya albarka. Amma ya ce in ka hwaɗi ko sau guda, keke ya zama nashi." Na ce ta gaya masa na yarda, ya tanadi haƙuri don zai daɗe yana jira.

Litinin ta gaba na isa wurin taubashina tun hantsi bai yi zafi ba, ko gumi ban yi ba. Ya sa aka jingina shi da bango aka turo keken gabansa, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Tsoho bisa tsoho, an sa ma guda batir. Kai yaushe za a sa maka naka?" Muka yini muna yi. Na kai batirin shagon wani mai cajin waya da ke da sola, kafin la'asar ya ƙoshi, na dawo gida kamar sarki. Haka na yi ta yi makonni, lafiya lau.

Abin da ya ɓata mini lissafi tsoron ɓarayi ne. Duk inda na tsaya sai mutane sun taru, wannan ya shafa batir, wancan ya tambayi yadda ake cire shi. Aka ba ni labarin wani da ya shiga masallaci, kafin a sallame an zare nasa. Daga ranar sallata ta zama rabi a sahu rabi a ƙofa. Na je wurin maƙeri na sa ya yi mini sarƙa irin wadda ake ɗaure bijimi mai faɗa, na sayi kwaɗo babba. Duk inda na sauka sai in zagaya ta cikin tayar baya da jikin keken in haɗa da turke ko itace. Wannan dabara ce mai kyau, har yau ina yinta, illa nauyin sarƙar ya kusa na batirin da na ƙi saya.

Amma sarƙa ba ta tsare batir. Sai na tafi wurin mai walda na ce ya ƙera masa akwatin ƙarfe, ya like shi da jikin keken, ya yi masa murfi da wurin kwaɗo. Makunnin da ake kunna keken da kashe shi a jikin batirin yake, ta gefe. Mai walda ya auna ya ce bari ya huda 'yar kafa daidai wurin, yadda zan sa yatsa in kashe. Na ce a'a. In yatsana ya shiga, sukudireban ɓarawo ma zai shiga. Ya huda mini ƙananan kafofin shan iska kawai ta ƙasa. Daga nan tsarina ya zama haka: in buɗe akwati a gida in kunna, in rufe in datse kwaɗo, in jefa makulli a aljihun 'yar shara ta ciki tare da na ɗaki da na rumbu da na sarƙa, ba na sake kashewa sai na dawo. Na ji daɗin wayona ƙwarai, har na kai wa mai haɗawar ya gani.

Ya duba ya ce, "Yanzu ko ka sauka, shina nan a kunne ke nan?"

Na ce, "A shirye dai."

Ya ce, "Allah shi kiyaye." Na amsa da amin, ina ganin hassada ce.

Ana nan sai aka yi rasuwa a Maiyama, wan mahaifin matar ɗana. Surukai ne, dole a je. Ɗana ya aiko cewa akwai wuri a motarsa, gidan gaba. Na ce su yi gaba, ina tafe. Ranar Litinin ce, na yi shirin in yi ta'aziyya in wuce wurin taubashina. Gaskiyar magana kuma, so nake surukan su ga tsohon da aka ce ya zauna a gida ya kawo kansa da kansa. Na sa babbar riga fara mai aiki, na naɗa rawani, na tattare hannuwan rigar a kafaɗa na kama hanya.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, ƙarƙashin wata darbejiya, mutane maƙil. Malamai a gaba, dattawan gari, 'yan kasuwar hatsi abokan ɗana, shi kuma yana can gefe cikin surukansa ya sunkuyar da kai. Takalma jere a bakin tabarmi, butoci a gefe, ga wani babban kwanon fura da aka fito da shi sadaka. Bayan wurin zaman akwai dangar zana, ta cikinta mata ke girki.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ba a isa wurin manya a kan abin hawa, balle wurin makoki. Tun daga nesa ake sauka a turo. Na sauka tun daga bakin layi, na kama hannuwan keken biyu, ina tafiya a hankali da fuskar jimami. Da na zo daidai tabarmar malamai sai na yi abin da na yi sau dubu a rayuwata da wannan keken: na yi sallama, na rusuna ina riƙe da shi.

Ban taɓa lura ba cewa in mutum ya rusuna yana riƙe da hannun keke, wuyan hannunsa ƙasa yake murɗawa.

Keken ya zabura kamar an tsikare shi. Ni kuma maimakon in saki sai na ƙara damƙewa, damƙewar ta ƙara murɗa totur. Na matsa birki da ɗaya hannun, sandunan suka yi ƙara, injin bai ko ji ba. Sallamata ba ta ƙarasa fita ba na ga ina gudu, ni da na yi shekara ban yi sauri ba. Muka bi ta kan takalma, muka watsa butoci, wani malami ya yi tsalle da carbinsa irin tsallen da ban zaci yana da shi ba. Tayar gaba ta daki kwanon fura. Ina ji ana "Subhanallahi! Ku tare shi!" ban san ko ni ake nufi ko keken ba. Hannun babbar rigata ya zame daga kafaɗa ya naɗe a feda, muka tafi tare muka shige dangar zana, muka kwantar da ita a kan murhun mata.

Na faɗi a kan hannuna na hagu. Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Keken ya kwanta, totur ya maƙale a jikin turken danga a murɗe, tayar baya tana sama-sama tana juyawa, tana kwasar ƙasa da fura tana watsa wa duk wanda ya matso. Wani ya ce a kashe shi. Wani ya ce ina makunnin. Na ce daga kwance, "Yana cikin akwati." Suka ce a buɗe akwatin. Na ce, "Da kwaɗo." Suka ce ina makulli. Makulli yana aljihun 'yar shara, 'yar shara tana ƙarƙashin taguwa, taguwa tana ƙarƙashin babbar riga, babbar riga kuma rabinta na cikin feda. Dattawa biyu suka durƙusa suna laluben ƙirjina a gaban matan surukai, suka ciro makullan, suka gwada na rumbu, suka gwada na ɗaki. Kafin su kai ga na akwatin wata tsohuwa ta sa muciya ta ture hannun keken daga jikin turke, totur ya koma, tayar ta tsaya.

Sai wani daga baya ya kasa riƙewa ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Ɗana ya taso, ya warware rigata daga feda, ya ɗaga ni, ya ɗauko rawanina ya kakkaɓe ya miƙo mini da hannu biyu. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. A haka, da fura a gemu, na matsa na yi wa surukai ta'aziyya. Babbansu ya amsa yana kallon ƙasa, kafaɗunsa na rawa.

Hannuna na hagu ya goce, sai da aka kai ni wurin masu ɗori a Aliero. Mai ɗorin ma ya riga ya ji labari, yana ja yana tambayata ko gaske ne har cikin tukunya na shiga. Keken kuwa aka sa shi a bayan mota aka kai shagon ɗana, aka jingina shi bayan buhunan gero. Ba a aiko mini da saƙo ba, don ba a bukata. Ni na yarda da sharaɗin da bakina.

Hannu ya warke, Litinin ta ci gaba da wucewa. Taubashina yakan sa a kira ni a waya, amma maganarsa ba ta fita sosai, in ba kana kallon bakinsa ba rabi kake ji. Na aika ƙanwar ɗana ta roƙa mini, ta dawo ta ce Yaya ya ce a yi haƙuri. Na sake aikawa, ta ce Yaya ya ce in an samu sarari shi da kansa zai kai ni a mota.

Ya cika alkawari. Wata ranar da kasuwa ba ta ci ya zo ya ɗauke ni. Muka shiga zauren taubashina tare, ɗana ya zauna daga bakin ƙofa ya tanƙwashe ƙafa. Nan na gane ba a yi komai ba. Yaya zan ce da mutum malalaci, shi ya ce da ni bawa mai gemun fura, a gaban ɗan fari? Na ce, "Ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Na ce, "Allah shi ƙara sauƙi." Ya ce, "Amin." Muka koma kallon kaji. Can na sake cewa, "Ya ƙarfin jikin?"

Sai ya buga tabarma da hannunsa mai lafiya. Ya juya wajen ɗana ya ce, "Kai, matso nan."

Ɗana ya matso ya ce, "Na'am, Baffa."

"Mi ka kawo min? Wanga ba shi ba ne. Kowa ya shigo zauren ga sai shi sassauta murya, awa an riga an yi min wanka ana jiran likkafani. Ya jiki, ya jiki. Matana ya jiki, ɗiyana ya jiki, liman ya jiki. Mutum guda ya rage da ke zuwa shi zage ni in san ina da rai, shi ma ka maishe shi mai ya jiki." Maganar tana fita da ƙyar, yawu na zuba ta gefen bakin, bai damu ya share ba. "Ka ba shi kekenai shi hau. Bawana ne, in ya karye ni ke da hasara."

Da ɗana ya buɗe baki, ƙasa yake kallo. Ya ce, "Baffa, danga ce ya shiga ran nan. In da tirela ce fa? Kullum ya fita ba ni iya cin abinci sai an ce min ya dawo."

Ban taɓa sanin haka ba. Ni a zatona kunyar da na ba shi gaban surukai ce ke cinsa. Taubashina ya juyo ya harare ni da idonsa mai kyau, irin hararar da ke cewa saura kai. Na gyara murya. Ban iya duban ɗana ba, sai na dubi ginshiƙin zaure na yi masa magana. Na ce mai haɗawar ya gaya mini komai tun farko, na ƙi ji. Mai walda ma ya gaya mini. Na ce in za a maido keken, duk abin da suka ce a yi, a yi, ba zan sa baki ba, kuma duk inda na isa zan sa a kira a ce na isa.

Ɗana shi ma ginshiƙin ya amsa wa. Ya ce zai yi magana da mai haɗawar.

Ba su raga wa keken ba. Aka cire hannunsa na da da sandunan birki, aka sa sabo mai birkin waya da ke yanke wuta. Aka cire totur aka sa na feda, wanda sai na taka yake taimako, in na tsaya ya tsaya. Aka jawo makunni aka kawo shi kusa da babban yatsana, akwatin ya zauna da kwaɗonsa ba ruwansa da kowa. Sa'an nan ɗana ya sa aka rage masa gudu daga cikin injin, yadda ko na so in yi hauka ba hali. Da na je ɗauka na tarar da tsohon hannun a jingine a bango, na ɗauke shi na kai gida na rataye a zaure. Mai ɗakina ta ce in na gama kallonsa ta samu abin shanya tsumma.

Litinin da ta biyo na kama hanya. Wani mai amalanken shanu muka jera da shi tun daga bayan gari, muka yi hira mai tsawo kafin in samu in wuce shi. Ban isa ba sai da rana ta take. Tun daga bakin ƙauye na kashe makunni, na sauka, na sake dubawa ko ya mutu, na turo. Na ɗaure shi da sarƙa a turken ƙofar gida, na ba wata jikar gidan waya na ce ta kira Jega ta ce tsoho ya sauka da ƙafafunsa.

Daga cikin zaure na ji muryar taubashina, a karkace, yana iya ƙarfinsa: "Ku kwashe butoci! Ku shigar da awaki! Ga shi nan ya taho!"

Na shiga na tarar an jingina shi da bango, an sa masa hula sabuwa, har da turare. Na ce, "Wa za ka aura da wannan bakin?"

Ya ce, "Zauna, bawa. Tun safe nike tara maka, kada in mance."